Kulorin a ruwan gulbi: mu ci gaba ko mu daina?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da makullin tankin ruwa a ƙauyenmu, kusa da Taura. Da damina in hadari ya rufe rana sola ba ta cika tankin, sai mata su koma ɗibar ruwan gulbi, ja kamar shayi. Tun kwalarar 2021 muke jefa ƙwayar kulorin a jarka. To ɗan wana da ke karatu a Dutse ya zo ya ce kulorin na haifar da wani sinadari mai jawo ciwon daji, wai har Amurka ta yi doka a kansa. Maganar ta shiga gidaje, wasu sun daina sakawa. Hankalina a tashe yake. Masana, ina gaskiyar take?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam Baban Hafsa. Yaron bai yi ƙarya ba, rabin zancen dai ya kawo. In kulorin ya tarar da ruɓaɓɓen ganye da ciyawa da suka narke a ruwa, sai su haɗu su ba da kulorofom da danginsa, waɗanda ake kira THM. Johannes Rook ne ya gano haka a Rotterdam ta ƙasar Holan a 1974. Amurka ta sa iyaka a 1979, maikurogiram 100 a lita (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), ta rage zuwa 80 a 1998.

Ga inda nake so ka duba. Dokar ta 1979 ba ta ce wa matatar ruwa ga yadda za ki yi ba, iyaka kawai ta yanka. Don haka kafin a tsaurara ta sai da aka yi lissafi da kwamfuta: yawan dattin ruwan matatu, zafinsa, kulorin da ake zubawa, da tsawon lokacin da yake yi a bututu, a ga wa zai tsallake, wa zai canja hanya, nawa zai kashe. Kowa kuwa mai araha yake nema. Da yawa suka koma kuloramin, wato kulorin haɗe da amoniya, THM ya ragu. Amma da birnin Washington ya yi wannan canjin a 2000, sai dalma ta riƙa narkowa daga tsofaffin bututu tana shiga ruwan sha. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 mun san ba ƙaramin abu ba ne. Ni a ganina waɗanda suka cire dattin tun kafin zuba kulorin su ne suka yi dabara.

Maman Ummi:
Baban Hafsa, don Allah ka koma wa matan nan yau, kada ka bari sai gobe. Ina aiki a asibitin karkara a 2021. Na riƙe hannun yaro ina neman jijiyar da zan sa ƙarin ruwa, fatarsa in ka tsunkula ba ta komawa. Fiye da mutum 3,000 kwalara ta kashe a Najeriya a shekarar. Haɗarin THM na wanda ya shekara da shekaru yana sha ne, amai da gudawa kuwa wuni ɗaya ya ishe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi kada tsoron waɗannan sinadarai ya sa a sassauta kashe ƙwayoyin cuta.

Injiniyan Ruwa:
Gaskiyarki Hajiya. Ruwan burtsatse galibi ba shi da wannan dattin, damuwar a ruwan gulbi take. A sa ɗan alimun ko dakakkiyar ƙwayar zogale, a bari laka ta kwanta, a tsiyaye ta farin ƙyalle, sannan a jefa kulorin daidai yadda takardarsa ta ce. A rufe, a jira minti 30.

Baban Hafsa:
Allah ya saka da alheri. Zan roƙi Liman ya sanar bayan sallar Juma'a, matar mai unguwa kuma ta zaga gidaje. Injiniya, ƙwayar zogale nawa za ta ishi jarka mai lita 25?