Kujerun gidanmu da na maigida sun ƙi zama falo ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ido a kan gyaran ɗaki ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Kujerun da Baba ya yi mini na aure irin na sarauta ne, masu sassaƙa a baya da fentin ruwan zinare, yadinsu ja mai duhu. Shi kuma maigida yana da nasa tun kafin in tare: dogaye, ruwan toka, ba ado ko ɗaya. Falon ɗaya ne, bango fari, tayil ruwan madara. Da aka jera su tare sai wurin ya koma kamar shagon kafinta. Na saka labule ja, nasa kujerun suka yi fayau. Na sauya zuwa ruwan toka, nawa suka riƙa ɗaukar ido fiye da kima.

Sayarwa ba ta taso ba. Umma tana leƙowa, kuma kun san maganar da za ta biyo baya in ta ga babu kayan. Shi ma ya ce nasa ne ke da daɗin kishingiɗa, kuma gaskiyarsa ne.

Kafinta ya ce a sake wa nawa yadi, amma ina tsoron sassaƙar za ta ci gaba da faɗa da sauran. Ko kafet mai haɗe da launukan biyu zai sasanta su? Ina kuma da tumtum biyu na fata daga Kasuwar Kurmi, in fito da su ko za su ƙara cunkoso? Wadda ta taɓa haɗa irin wannan, da me kika fara?