Rabin aji a zauren mai unguwa: da me za a fara wa yara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mai unguwa ya ba da zaure, iyaye kuma sun amince da karo-karo don a buɗe rabin aji ga yara kusan 40, 'yan shekara 4 zuwa 5. Wasu na cewa a sayo benci da littafin ABCD a fara rubutu tun ranar farko. Masana, ya kuka gani?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri. Benci ba na gaggawa ba ne, tabarma ta fi dacewa da su. Amma yara 40 sun yi wa malama ɗaya yawa. Manufar ilimi ta Najeriya ta tanadi malami ɗaya ga yara 25, don haka ku raba su biyu ko ku nemi mataimakiya.

Awa uku ta isa a rana. Ɗan shekara 4 ba ya jure abu ɗaya fiye da minti 10 zuwa 15, sai a riƙa sauya musu: gaisuwa da waƙa, tatsuniya, wasan hannu, hutun tara, ƙirga. Tatsuniyar nan kada a raina ta. In an kai "ƙurunƙus", a tambaye su, me Gizo ya fara yi? Me ya sa Ƙoƙi ta yi fushi? Yaron da ya iya maido labari daki-daki ya kama hanyar fahimtar karatu.

Fensir shi ne na ƙarshe. Yatsunsu ba su yi ƙwari ba tukuna, in aka tilasta sai yaro ya damƙe shi da dukan hannu, ya gaji, ya tsani rubutu. A fara da mulmula yumɓu da zura marafan kwalba a zare, sannan zane da yatsa a yashi, sannan alli. A koyar da sautin harafi da Hausa, domin "ei, bi, si" ba ya kai yaro ga karanta "baba", amma ba, be, bi, bo, bu yana kai shi. Wanda ya saba da makarantar allo zai fara rubutu daga dama. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, a ɗiga masa alama a gefen hagu a ce daga nan boko ke tashi.

Ƙirga ma haka. Rera 1 zuwa 100 hadda ce kawai. A zube tsakuwa, a ce wa yaro "ba ni biyar", nan za a san wanda ya gane.

Amsa ta biyu: Malamar da ta ba da amsa ta farko ta yi bayani mai kyau, sai dai a duba jikin yaran tun kafin ranar buɗewa. Kowace uwa ta zo da katin rigakafi. Yaron da bai cika shekara 5 ba yana karɓar bitamin A duk wata shida, maganin tsutsar ciki kuma sau biyu a shekara. Tsutsa da maleriya na jawo ƙarancin jini, shi ne za a ga yaro yana ta gyangyaɗi a ce masa malalaci. A tsaya bayan kowane yaro a kira sunansa ƙasa-ƙasa. Wanda bai waiwayo ba, ko kunnensa na fitar da ruwa, a kai shi asibiti. A tanadi masai mai ƙaramin baki, da buta da sabulu, da randa mai murfi da moɗa guda ta ɗiba. Kowa ya karya kafin ya fito, ko da koko da ƙosai ne. Tsakuwa da marafan nan a ɗauke su daga inda ƙannen da ke rarrafe za su kai, suna haɗiyewa.

Amsa ta uku: Malam, kafin a kashe ko kwabo ku je wurin hedimastan firamaren da yaran za su shiga. Tun 2013 aka sa shekara ɗaya ta share fage cikin tsarin ilimin bai-ɗaya, wataƙila akwai ajin a takarda, malami ne babu. Kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, zai iya kai maganar ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.

Abin da ya fi kashe irin wannan aji shi ne alawus. Karo-karo kan yi ƙarfi da farko, sannan ya ja baya, malama ta gaji ta tafi. A fara ware kuɗinta na zango guda kafin sayen komai, ma'aji daban, mai rubutawa daban, a karanta lissafi gaban iyaye duk ƙarshen wata. A zauna da malamin allo a daidaita lokaci don kada iyaye su ga kamar an raba yaro da karatun Alƙur'ani. A sa mata a kwamitin, su ne ke sanin yarinyar da aka riƙe a gida saboda raino ko talla. Wanda ba shi da takardar haihuwa, iyayensa su karɓo ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun yanzu, kada sai lokacin rajista.