Iskar da ke rufe a tukunya: me zafi ke yi wa matsinta?

Tambaya: Malamai, in aka ɗumama iska a cikin tukunyar ƙarfe rufaffiya daga digiri 27 zuwa 54 na Selsiyas, matsinta zai ninka?

Amsa: A'a ɗan'uwa, a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Da ma'aunin zafi na Kelbin ake lissafin, wato ka ƙara 273 a kan digirin Selsiyas. Digiri 27 ya zama 300, 54 ya zama 327. Matsin zai ƙaru da kashi 9 cikin ɗari kacal. Kafin ya ninka sai ka kai Kelbin 600, wato digiri 327 na Selsiyas. Dalili kuwa, zafi na ƙara wa ƙwayoyin iskar gudu, sai su riƙa dukan bangon tukunyar da ƙarfi, ga shi ba wurin faɗaɗa.

Amsa: Haka ne Malam. Amma geji, wato na'urar auna matsi, ba ya ƙirga matsin iskar waje, sai ka ƙara kusan bar 1 (bar ma'aunin matsi ne) kafin lissafi. Taya mai bar 2.2 a digiri 20, in ta kai digiri 50, geji zai nuna kusan 2.5.

Amsa: Tukunyar gas ɗin girki fa daban take, gas ɗin da ke ciki ruwa-ruwa ne. Matsin furofen, wani nau'in gas ɗin girki, yakan tashi daga kusan bar 8 a digiri 20 zuwa 17 a digiri 50. Gas ɗin mai ruwa-ruwa kuma yana faɗaɗa da zafi, shi ya sa ake cika tukunyar kusan kashi 80 cikin ɗari kawai, kuma ba a ajiye ta kusa da wuta.