Neman shawara: saiwar tumatirina ta yi ƙulu-ƙulu, in turara ƙasar da magani?

Manomin rani daga Rafin Guza:
Assalamu alaikum jama'a. Ina noman tumatir a bakin kogin Kaduna. Bana shukar na yin yaushi da tsakar rana ko da na yi ban ruwa, ganye ya yi rawaya, 'ya'yan kuma ƙanana. Da na tumɓuke guda sai na tarar saiwar duk ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi. Ba ƙwaron tumatir ɗin nan da ake kira sharon ba ne, shi na san ɓarnarsa tun 2016, ganye da 'ya'ya yake ci. Wani mai shagon magani ya ce in sayi maganin turara ƙasa, wani kuma ya ce in binne ƙwayar Phostoxin a kunya. Wanne zan yi?

Dattijo daga Hunƙuyi:
Wa'alaikumus salam. Yaro, don Allah ka raba kanka da wannan ƙwayar. Ta rumbu ce da buhun wake, da zarar ta ji danshi take sakin iskar da ke kashe mutum. Wanda ya ce ka binne ta a fadama, inda yara ke kai abinci gona, kuɗinka kawai yake hange.

Malamin gona daga Zariya:
Baba ya yi gaskiya. Malam, alamun da ka faɗa na nematod ne, tsutsar ƙasa da ido ba ya gani. Tana shiga saiwa ta kumbura ta, shi ya sa shukar ke jin ƙishi alhali ruwa na kwance a gindinta. Amma yanki kara guda ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa. In ka ga wani farin abu na zubowa kamar zare, to har da ciwon bakteriya. Gara ka kai ƙasar da saiwar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a duba.

Maganin turara ƙasa kuwa ba a sa shi da shuka a tsaye, don har ita zai ƙone. Kenan na bana ya wuce. Irin su dazomet da metam sodiyam, sai sun haɗu da danshi suke komawa iska su ratsa ƙasar. Saboda haka sai an kwashe tsofaffin saiwoyi, an farfasa hoge ƙasa ta yi laushi, an jiƙa ta daidai ba caɓalɓal ba. A cuɗa maganin bisa awon da ke jikin kwalinsa, a rufe da leda nan take, a danne gefenta da ƙasa. Bayan kwanakin da aka rubuta sai a yaye, a juya ƙasar ta sha iska. Duka-duka yakan ci mako biyu zuwa huɗu, ya fi haka in ana sanyin hunturu. Kafin shuka, ɗebi ƙasar a kwalba, ka ɗebi wadda ba a sa wa magani ba a wata, ka watsa irin latas a kowacce ka rufe. In ta maganin ta ƙi tsiro, da saura.

Kuma ƙyallen rufe hanci ba ya tare wannan iskar. Sai takunkumi mai matatar guba, safar roba, takalmin ruwa da tabarau. Ka duba lambar NAFDAC. In wani ya kawo maka maganin turara ƙasa mai suna methyl bromide ka guje shi, tun 2015 ƙasashe irin namu suka daina sa shi a gona bisa yarjejeniyar Montreal, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare sararin samaniya.

Hajiya mai lambu a Kudan:
Yallaɓai, ka manta ba ka faɗa masa kuɗin ba! Ledar rufe gona gaba ɗaya ma kaɗai ta isa ta cinye ribar. Ɗan'uwa, mu wurin renon iri kawai muke gyarawa, don galibi daga nan cutar ke bin dashe ta shiga gona. Cikin zafin Maris da Afrilu muke jiƙa ƙasar, mu shimfiɗa farar leda mai nuna ciki, mu bar rana ta dafa ta mako huɗu zuwa shida. Babbar gonar kuma a hutar da ita daga tumatir, tattasai, yalo da kuɓewa, a sa masara ko dawa, a ƙara takin gida.

Manomin rani daga Rafin Guza:
Na gode, Allah ya saka. To Malam, ni da maƙwabcina hanyar ruwanmu ɗaya, daga gonarsa yake gangarowa tawa, kuma nasa tumatirin ma haka yake. In na gyara tawa, ba za ta dawo ba?

Malamin gona daga Zariya:
Za ta dawo, ruwan ne zai kawo ta, haka ƙasar da ke manne a fartanya. Ku zauna da shi ku canja shukar tare, ko ka ja naka tiyon kai tsaye daga kogi. Saiwoyin da kuka tumɓuke kuma ku tara ku ƙone, kada a watsar a bakin kwari.