Makonnin farko na ɗalibin musaya a Amurka

Hajiya, Mabera: Assalamu alaikum. An zaɓi ɗana a shirin YES na musayar ɗaliban sakandare, zai yi shekara guda yana karatu a Amurka a hannun wani iyali. Da me zai fara cin karo?

Tsohon ɗalibi, Arkilla: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da ya fi ba ni mamaki a jihar Iowa shi ne shirun unguwa, domin ba a jin kiran salla, sai dai mutum ya dogara da wayarsa, ga shi kuma a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5.

Malama, Gawon Nama: Hajiya, ya sanar da masu masaukinsa tun ranar farko cewa ba ya cin naman alade. Sanyin can kuwa, hunturun Sakkwato bai kama ƙafarsa ba.