Kumburin cinya ya ƙi sacewa bayan buguwa, a tsaga ko a bari?

Abu Sadik:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sani a taimaka. Ƙanina ne ya bugu a cinya wajen ƙwallo, wurin ya kumbura aka ce jini ne ya taru zai sace da kansa, to ga shi an kwashe watanni abin sai girma yake, ya yi tauri can cikin tsoka, kuma baya masa zafi shi ya sa yake wasa da abin. Wani ya ce a je a tsaga a matse jinin kawai. Ya kuke gani?

Ummu Hanan:
Wa alaikas salam. Dan girman Allah kar ku bari kowa ya sa wuƙa a wurin nan. Jinin da ya taru daga buguwa cikin 'yan makonni yake raguwa, baya ƙaruwa. Akwai kansar tsoka da ake kira sakoma, cinya ta fi kamawa, kuma haka take yaudarar mutane, ba zafi ba zazzaɓi mutum yana harkokinsa ana cewa targaɗe ne. Duk ƙullutun da ya wuce santimita 5, ko yana girma, ko yana can ciki, likitoci basa sakaci da shi. A fara hoton MRI, wato hoton asibiti mai nuna cikin tsoka, sannan a ɗebi ɗan nama da allura a gwada, idan aka tsaga da ka ana iya watsa ƙwayoyin cutar aikin gaba ya yi wahala.

Baban Amir:
Gaskiya ne amma kar hankalinka ya tashi malam, yawancin ƙullutun da ke fitowa a jiki ba kansa ba ne, sakoma kusan kashi 1 cikin 100 ce ta kansar manya. A dai je a duba.

Abu Sadik:
Na gode sosai. To amma buguwar ce ke jawo ta kenan? Kuma yaro ne fa matashi.

Ummu Hanan:
A'a ɗan'uwa, galibi tana nan tun da, buguwar ce ta sa aka lura. Ƙuruciya kuma bata hanawa, akwai nau'in da ya fi kama matasa kusa da gwiwa. Abin da ake gudu shi ne ta tafi huhu, shi ya sa idan an tabbatar ake hoton ƙirji. Ku kai shi wajen likitan ƙashi satin nan, ku faɗa masa ƙarara cewa girma yake. Allah ya ba shi lafiya.