Mota ta ƙi tashi da safe: kowa ya faɗi abin da kunnensa ya taɓa ji

Malamin makaranta, Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum ƴan uwa, daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi. Motata tsohuwa ce ƴar Kwatano, mai shan esans, shekara huɗu tana hannuna. Tun da hunturun nan ya kama, yau kwana uku a jere, in na murɗa makulli da safe sai in ji ƙar-ƙar-ƙar da sauri kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, fitilun tablo su dushe, injin ko motsi. Sai yaran maƙwabta sun tura ni har bakin kwalta, ga raha suna yi mini. Abin mamaki, in ta tashi, yini guda ba ta sake yin gardama. Jiya na kai ta garaji, maigidan ba ya nan, yaro ɗaya ya ce demarer ne, wato abin da ke juya injin ya tashi, ɗayan ya rantse batir ne. Ga wata ya yi nisa, ba ni da kuɗin sayen duka biyu. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka.

Tsohon direban hiyas, layin Maraɗi zuwa Tasawa

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka sayi komi tukuna. Ai motar ta riga ta gaya maka ciwonta, yaran ne ba su saurara ba. Ƙar-ƙar-ƙar da sauri, wuta ce ba ta isa demarer. In da ƙas ɗaya kake ji, mai ƙarfi, fitilu kuma na nan tangaran ba su dushe ba, sannan ne za a tuhumi demarer, ko gawayin da ke cikinshi ya cinye.

Amma rashin isar wuta ba kullum ne mutuwar batir ba. Wata shekara munka tsaya Cadawa sauke fasinja, mota cike har sama, ta ƙi tashi. Na riga na aika yaron mota ya nemo batir na haya, sai wani mai faci ya ce in buɗa ya gani. Kosin nan, wato maɗaurin waya a kan batir, ya yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri, da hannu ma juyawa yake. Ruwan zafi da ɗan guntun kanwa ya zuba, ya kankare da wuƙa, ya ɗaure da kile goma. Murɗa ɗaya ta tashi. Batirin nan ya ƙara shekara guda yana mini aiki. Fara da kosi, Malam.

Mai gyaran wutar mota, Sabon Gari

Gaskiyar Baba ce. Bari in ƙara da lissafi, don shi ne ke raba gardama. Batir mai lafiya da ya kwana ba a taɓa shi ba, in an ɗora masa mita zai nuna wajen volt 12.6. In ya nuna 12.2, rabinsa ya tafi. Ƙasa da 12 ya sauka. Sai a bar mitar a kai, wani ya murɗa makulli: in lambar ta faɗo ƙasa da 9.6 lokacin da demarer ke ja, batir ba ya ɗaukar kaya. In mota ta tashi kuma a sake dubawa, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. In ta tsaya a 12 da ƴan kai injin na aiki, alternater ne, wato abin da ke cika batir, ba ya caji, kuma ko sabon batir ka sa, kwana kaɗan zai bi sahun tsohon.

Mutane na ɗora wa sanyi laifi, alhali zafin Afrilu da Mayu ne ke cinye batir a garin nan, lokacin da ake wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin kapo. Ruwan ciki ya ƙafe, farantan su lalace. Hunturu tona asiri kawai yake yi, don da sanyin safiya batir ba shi da ƙarfi, man injin kuma ya yi kauri. Mai batir irin na buɗewa ya riƙa leƙawa, ya ƙara tataccen ruwan batir, ba na famfo ba, ba kuma asid ba.

Mai shagon kayan babur, Mokoyo

Ni duk wannan mitar ban san ta ba. Yadda muka taso muka gani, mota na aiki a zare kan batir ɗaya. In ta mutu alternater ne, in ba ta mutu ba lafiyarsa lau. Minti ɗaya an gama.

Mai gyaran wutar mota, Sabon Gari

Yaya, don Allah a bar wannan. A kan tsofaffin motoci masu karbirater an yi ta yi an sha. Motar yanzu tana da kwamfuta, batir ne ke danne hauhawar wuta. Ka zare shi injin na juyawa, wutar na iya tsalle ta ƙona kwamfutar ko alternater ɗin da kake son gwadawa. Na karɓi mota biyu bara da aka yi wa haka, kuɗin gyaran ya ninka na batir sau da yawa.

Hajiya mai sayar da atamfa, unguwar Zariya

Ni tawa abin dariya ce, amma ranar ban yi dariya ba. Motata otomatik ce. Na fito daga gidan suna a Tibiri, na murɗa, shiru. Babu ƙar, babu ƙas, fitilu duk sun kama, rediyo na magana. Wani makanike da aka kira mini ko kallona bai yi ba, da ƙanena yake magana kamar ba ni ce mai motar ba, ya ce batir ya mutu a kawo kuɗi. Aka kawo sabo aka sa, shiru dai. Ɗiyata ce daga baya ta ce, Mama, ai sandar giyar ba ta shiga P sosai ba. Na ɗan tura ta gaba, mota ta tashi. Otomatik ba ta tashi sai a P ko N, kuma turawa ba ta tashe ta, kada ku wahalar da yaran mutane. Batirin ya ƙi karɓa ya mayar, yana nan gida muna kunna fitila da shi in an ɗauke wuta.

Ɗan kasuwa mai zirga-zirgar Ɗan Isa

Sannu Hajiya. Akwai wani iri da ba a ambata ba, wanda ya fi cin rai: demarer na juya injin da ƙarfinsa, gir-gir-gir, amma ta ƙi kamawa. Nan batir ba shi da laifi, ko mai ne ba ya zuwa ko buji ba ya ba da wuta. Abin da na koya da kuɗina shi ne, ka kashe rediyo, ka sa kontak kawai ba tare da ka tashe ta ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya. Za ka ji wani siririn zuuu na daƙiƙa biyu ko uku. Famfon mai ne cikin tanki. Ranar da ban ji shi ba, tsakanin Jiratawa da Ɗan Isa ne, da rana tsaka.

Da aka ciro famfon, ragar bakinsa ta toshe da laka ja. Ni na jawo wa kaina: shekaru ina zuba ruwa-ruwa na kwalba a bakin hanya, lita biyu, lita uku, allura kullum tana kwance a ja. Famfon kuwa man da yake nutse ciki ne ke sanyaya shi. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023 ma arhar ta tafi, sai na koma gidan mai, ba na kuma barin tanki ya sauka ƙasa da kwata.

Direban wata ƙungiya, mai gazuwal

Masu gazuwal, in da sanyin safiya tana jan lokaci sannan ta tashi da farin hayaƙi tana kakkarwa, a duba bujin ɗumama. Kuma a jira fitilar nan mai kamar nannaɗaɗɗiyar waya ta mutu kafin a murɗa. Shi ke nan nawa.

Tsohon direban hiyas

Tunda an shiga zancen kunne, bari in zuba sauran. Ƙiiii da safe, ko in ka kunna kilim, kuruwa ce, wato bel ɗin roba na injin, ta saki ko ta bushe. Kada ka raina ta, ita ke juya alternater, a wasu motocin har da famfon ruwa. Wasu na goga mata sabulu ta yi shiru kwana biyu, ruɗin kai ne. Wuuu da ke ƙaruwa da gudu, ko ka cire giya ba ta daina ba, rulma ce, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu. In hanya babu kowa ka ɗan karkata hagu, in kukan ya ƙaru yawanci ta dama ce, don nauyi ya koma kanta. Tsiii in ka taka birki, plaket, wato takalman birki, sun kusa ƙarewa; in ya koma gurzar ƙarfe da ƙarfe, ka fara cin dis, faifan da birki ke kamawa, kuɗi sun ninka. Gwaf-gwaf a kan gargada, irin ta hanyoyin ƙauye, ƙafa ce: amortiser, rotil ko robobi. Makanike in ka ce mishi "tana ƙara" kawai, ka ba shi izinin canke. Gaya mishi yaushe take yi, da sanyi ko ta yi zafi, a tsaye ko a tafe, a kwana ko a miƙe.

Ma'aikacin lafiya, Burja

Baba, akwai ƙarar da ba a kai ta garaji, a nan inda ka ji ta ake tsayawa. Ni ta cinye mini injin ɗungurungum.

An yi mini bidanji, wato canjin man injin, da yamma a wani garaji, washegari na kama hanyar Ƙonni da iyali. Mun wuce Gidan Rumji kaɗan sai jar fitilar mai, mai kamar buta, ta fara ƙyaftawa, ta kama ta mutu. Na ce ai jiya aka zuba sabo, waya ce ta saki. Can sai wani tik-tik-tik a saman injin, kamar keken ɗinki. Maiɗakina ta ce, Baban yara, tsaya mana ka duba. Na ce bari mu kai gari na gaba. Ba mu yi kilomita biyar ba tik-tik ya koma ƙwal-ƙwal-ƙwal daga ƙasa, kamar ana buga guduma cikin tukunya, yana bin totur. Kafin in sauka gefen hanya ta mutu da kanta. Na zaro sandar awon mai, busasshiya ƙayau. Na duƙa, ƙasan motar sharkaf, ƙusar da ake kwancewa a zubar da mai tana lilo, yaron bai ɗaure ta ba. Muka zauna ƙarƙashin wata bedi, yara na kuka, har la'asar kafin a sami mai ja. Kusine, ƙarafan da sandar cikin injin ke juyawa a kansu, sun narke sun kama. Mai garajin ya ce ƙaddara ce. Ban musa ba, amma minti biyu na tsayawa da matata ta roƙa, da galan ɗaya na mai ya raba ni da wannan. Har yau in fitila ta kama a tablo kallona kawai take yi, ba ta cewa komi.

Malamin makaranta, Ali Ɗan Sofo

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mayar maka da mafi alheri likita. Ga yadda ta kaya. Kosin da datti, na wanke na ɗaure kamar yadda Baba ya ce, amma da safe ta sake yi. Na sami mai mita ya zo gida kafin in taɓa ta: 12.1 a kwance, da na murɗa ta faɗo 8 da ɗoriya. Bayan an tura ta tashi, 14.1. Ke nan alternater lafiya, demarer lafiya. Da muka goge ƙurar jikin batirin muka ga takardar da aka manna, ashe ya haura shekara uku. Na sa sabo, yau kwana biyu murɗa ɗaya.

Sai dai tunda kuka sa na fara kashe rediyo, na ji wani abu. In na karya kan motar gaba ɗaya zan shiga lungunmu, a hankali, sai ƙwas-ƙwas-ƙwas daga ƙafar gaba ta hagu. A miƙe babu. Baba, wannan fa?

Tsohon direban hiyas

Kardan ne, sandar da ke kai ƙarfin injin ga tayar gaba. Karya sitiyari ka leƙa bayan tayar, za ka ga robar nan mai kamar zugazugi ta yage, giris ya fantsama, yashi ya shiga. Tunda har ya fara magana, canjin roba kaɗai ba ya yi. Biyo ta tasha gobe da hantsi kafin in yi lodi, in ji da kunnena.